Baƙar Ɗamarar Metir

Sun rubuta a littafinsu cewa makarantar mijina ta mutu, alhali kullum bayan la'asar ina jin dirin ƙafafun yaranta daga bayan katangata. Abin da ya kai ni Faransa ke nan. Ban je ganin likita ba, ban je saro turare ba kamar yadda wasu ke faɗi a gidan biki. Faɗa na je yi.

Tun da na dawo, matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tambayi jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gidaje, waccan ta tambayi sanyi. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na ba da labarin da baki, akwai wurin da nake tsallakewa, wurin da ban fito da kyau ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi duka, tunda yanzu na iya.

Ga wanda bai san mu ba: mijina duk Damagaram Metir suke ce masa, wato malam da Faransanci, ni ma haka zan ce, don ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Ma'aikacin gidan waya ne. Yana saurayi a Yamai ya haɗu da wani ɗan Koriya mai koyar da wasan faɗa na gargajiyar ƙasarsu, na hannu da ƙafa da sanda. Mutanenmu karate suke ce masa, Metir kuwa har ya rasu yana jin haushin sunan. Daga baya ɗan Koriyan ya koma Lyon, ya zama shugaban ƙungiyarsu, suna kiransa Gran Metir, wato babban malam. Mijina ya dawo gida ya share filin da ke bayan gidanmu, ya koyar a ciki shekara talatin da ɗoriya. Duk takardar ɗamara da yaro zai samu, shaidar matakin da ya kai a wasan, daga Lyon take zuwa da hatimin tsohon.

Da Metir ya rasu, ni na rubuta musu. Lokacin shekarata biyu da shiga makaranta, ina da jikoki huɗu, kuma wasiƙar farko ke nan a rayuwata. Na ari jan bik ɗin malamarmu. A ajinmu ja alƙalamin malami ne, ɗalibi ba ya taɓa shi, sai na ga sunan Metir ya cancanci wannan girma. Na rubuta sunansa a sama, na jera ɗalibansa ashirin da shida a ƙasa, duk da ja, na ƙara bayani da Hausa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, maƙwabcinmu, ya sa layi ɗaya da Faransanci cewa Metir ya rasu. Na aika. Amsa ba ta zo ba.

Lawali mai walda, babban ɗalibinsa, ya ci gaba da koyar da yaran. Bayan shekara uku aka turo mai jarrabawa daga Faransa zuwa Yamai, Lawali ya kwashi ɗalibai bakwai suka tafi. Mutumin ya duba takardunsa ya ce babu Damagaram a ciki, an rufe reshen. Suka dawo ko rigar wasa ba su sa ba. Lawali ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata.

"Inna, biyu sun ce sun daina. Idan ba a gyara ba, kafin damina ba wanda zai rage. Yaro ba ya zuba gumi shekara biyar a ce masa babu shi."

Ranar na sa aka kira mini Sani a waya. Shi ne na uku a 'ya'yana, namiji ɗaya tilo, ya yi karatun aikin ruwa a Lyon ya zauna can yana aiki. Na ce ya turo mini takardun biza. Niyyata biyu ce, kuma ban ɓoye wa kaina ba: in sa su buɗe reshen, in kuma sa su rubuta ɗana a matsayin magajin ubansa. Baƙar ɗamarar Metir tana cikin akwatina tun ranar da aka binne shi. Na naɗe ta cikin kallabi na sa a jakar hannu.

Lawali ne ya ɗaukar mini kaya zuwa tashar bis da asuba. Ya ga yadda na rungume jakar.

"Ɗamarar ce, Inna?"

"Ita ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ban kalle shi ba.

Daga Damagaram zuwa Yamai yini guda ne cur: Tasawa, Maraɗi, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Dosso. Kusa da ni wani tsohon kuku ne da ya yi wa Turawa aiki shekaru, har sun taɓa tafiya da shi Marseille. Tun daga Tasawa ya fara yi mini huɗuba. Kada in ɗaga murya, kada in nuna mutum da yatsa, kada in kalli ɗan sanda cikin ido. Na bar shi har Ƙwanni, sannan na ce, "Baba, duk abin da ka lissafa, shi zan je yi." Bai sake magana ba sai da zai roƙi ruwa.

A Yamai na yi kwana goma sha biyu gidan 'yar ƙanwata ina jiran biza. Abu ɗaya ya yi mini daɗi. Da aka zo sa hannu, ma'aikacin ya dubi shekaruna ya turo mini tawadar dangwale. Na mayar masa, na karɓi alƙalami na rubuta Rakiya, harafi shida, ban yi sauri ba.

Jirgin sama ba ni da abin faɗi a kansa sai dai kunnuwana sun toshe, kuma na yi salla a zaune ban san inda gabas take ba. A filin jirgin Paris aka buɗe kayana. Kilishin da na yo wa Sani suka ɗauke, wai nama ba ya shiga. Na yi musu bayani da Hausa cewa wannan ya bushe ya fi takardar hannunsu, ba su ji ba, ya tafi. Sai ɗayansu, wani ƙato mai askin ƙwal-kwabo, ya kwance kallabina ya zaro ɗamarar. Duk wanda ya san ta ya san ba ta da kyan gani. Baƙin ya koɗe ya koma ruwan toka, gefunan sun zazzage, rubutun Koriya na bakinta rabi ya tafi. Na ji jinina ya hau. Faransancina bai wuce kalma ashirin ba, na ce masa ta mijina ce, ya mutu. Mutumin ya tsaya ya dube ni. Ya cire safar hannunsa, ya ninke ta gida huɗu daidai yadda Metir ke yi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ban san wane wasa yake yi ba, amma yana yin wani.

Hajiya Mariyama ce ta tarbe ni, 'yar Maraɗi, ƙanwar wata aminiyata, tana aikin jinya a wani asibiti. Gidanta a Montreuil, hawa na shida. Sunayen nan Sani ne ya rubuta mini su, don yadda ake faɗarsu da yadda ake rubuta su ko dangi ba su haɗa ba. Ta dube ni da mayafina ta ce, "Yaya Rakiya, da wannan za ki yaƙi Faransa? Sanyi zai gama da ke kafin ki ga Bakoriyen." Washegari ta sa ni a metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, muka sauya jirgi har Château Rouge, ta saya mini wata riga mai nauyin buhun gero. A can na ga busasshiyar kuɓewa da daddawa da atamfa, na ji ana ciniki da Zabarmanci, hankalina ya ɗan kwanta.

A metro ɗin na yi abin da ya ba Mariyama kunya. Na shiga na tarar da mutane zaune gwiwa na gogar gwiwa, na yi sallama. Ba wanda ya ɗaga kai. Na sake yi da ƙarfi. Wata tsohuwa 'yar Mali daga can ƙarshe ta amsa mini, muka ɗaga wa juna hannu. Mariyama ta ce, "Nan ba a haka." Na ce na gani. A wajen fita kuma matakalar nan mai tafiya da kanta ta kama bakin zanena, da ƙyar muka rabu, ta ci ɗan yatsa uku na atamfa.

Rana ta uku muka je ofishin ƙungiyar na Paris. Wani ɗaki ne a ƙarƙashin gini, rabinsa shimfiɗe da tabarmar roba. Ni na cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mini ba, Mariyama da ta yi shekara ashirin a Faransa ita ce ta taka musu tabarma da takalmi har aka yi mata magana. Magatakardan dogon Bafaranshe ne mai ladabi. Ya ɗauko littafin tarihin ƙungiyar da suka buga, ya buɗe inda aka zana bishiya. Gindinta wanda ya kafa wasan a Koriya, sai Gran Metir, sai rassa: garuruwan Faransa, Dakar, Abijan, Yamai. Na bi da yatsa har na sami Zinder, sunan da Turawa ke kiran Damagaram. Duk sauran da baƙi aka rubuta su, namu da ja, da gicciyen layi a ƙasa.

Na buga tebur. Na ce wa Mariyama, "Gaya masa gawa ba ta ihu. Gaya masa ya zo bayan katangata da la'asar ya ji."

Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce shi kwafa kawai yake yi. Babban littafin na hannu ne, yana Lyon, kuma ba mai sa alƙalami a ciki sai tsohon. Ba a yi masa irin wannan magana ta waya, sai mutum ya je da ƙafarsa. Wannan kam na gane shi, don haka sarakunan sana'a suke a wurinmu. Magatakardan ya ce ranar Asabar ake taruwa a can.

Jirgin ƙasan Lyon awa biyu ya yi, tafiyar da a wurinmu sai a yi azahar da la'asar a hanya. Sani na jirana a gar, wato tashar jirgin. Ya yi ƙiba, ya fara sanƙo irin na ubansa. Ya kai ni unguwarsu, Rillieux-la-Pape, dogayen gidaje iri ɗaya, Larabawa da baƙaƙe sun fi yawa. Ya dafa mini shinkafa da wake da hannunsa, ya nemi kilishinsa na ce ya tambayi gwamnatinsu. Da muka yi la'asar na kwance kallabin na ajiye ɗamarar a gabansa.

Bai taɓa ta ba.

"Inna, shekarata goma sha ɗaya rabona da tabarma. Ko ƙafata ba na iya ɗagawa ta wuce ƙugu."

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗansa ne. Ga sanƙon nan shaida."

"Ba wasa nake ba. Ɗan maƙeri ko ya yi boko, uwar maƙera tasa ce."

"In na karɓa, wa zai tsaya gaban yaran gobe da la'asar? Ni ina nan ina auna famfo." Sannan ya ce, "Baba ya kira ni daga asibiti, sati biyu kafin..."

"Tashi ka kawo mini ruwa," na ce. Ya tashi. Ya san ni.

Ranar Asabar da hantsi muka je. Wani tsohon sito ne a gefen gari, an share shi tas. Mutum wajen tamanin cikin fararen kaya, sun yi sahu kamar na salla. Sani ya raɗa mini cewa ba da shekaru ake tsayuwa ba, ba kuma da arziki ba, wanda ya riga shiga kuma ya fi nisa shi ne gaba. A kan sahun farko wata gajeriyar mace ce mai furfura, Madam Silbi, direbar bis ɗin gari. A can sahun baya na hango wani ɗan Koriya dattijo, ɗamararsa ko baƙa ba ce ba, yana tsaye tsakanin yara biyu.

Sai aka shigo da tsohon. Na yi shekara talatin ina jin labarinsa, ina zaton zan ga wani basamude. Ɗan tsurut ne, ya haura tamanin, yana dogara sanda. Duk ɗakin suka rusuna kamar ruku'u. Ni na tsaya ƙyam na ɗora hannu a ƙirji. Ya hango ni, ya tako a hankali har gabana, ya ɗora nasa hannun a ƙirji.

"Sannu da zuwa," ya ce da Hausa. "Ina gajiya."

Iyakar abin da ya rage masa ke nan daga zaman Yamai. Sauran da Faransanci ya yi, Sani na juya mini. Tsohon ya ce haka mijina ya yi masa ranar farko a Yamai, ya ce goshinsa da bayansa na Allah ne. Shi kuma ya kore shi sati guda, ya ga ya dawo, sai ya bar shi da hannu a ƙirji, kuma har yau duk Musulmin ƙungiyar haka suke gaisuwa.

Ya ja ni wajen bango. Hotunan matattunsu ne a jere, na wanda ya kafa wasan a sama. A layi na uku ga Metir, yana matashi, da gashinsa. Gaban kowane hoto akwai ɗan kofi. Na sauran giya ce ta shinkafa, nasa ruwa. Tsohon ya ce kullum da safe ake sauyawa. Raina bai so ba, don mu ba ma ajiye wa mamaci abin sha, kuma na faɗa masa haka. Na ce mu addu'a muke yi.

"To ki yi," ya ce.

Na ɗaga hannu, Sani ya ɗaga. Mutum tamanin suka tsaya har muka shafa.

Bayan an tashi wasa aka kai mu wani ƙaramin ɗaki, ni da Sani da tsohon da Madam Silbi. Dattijon nan na sahun baya ya kawo shayi, ya miƙa wa kowa da hannu biyu, ya koma bakin ƙofa ya zauna. Ban jira shayin ya huce ba. Na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce mijina ya ba su ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa. Na ce na rubuta musu da hannuna sun yi banza da ni. Na ce sun kunyata yara bakwai a Yamai gaban jama'a. Na ce in don mu baƙaƙe ne kuma talakawa, su faɗa mini a fuskata. Sani ya juya, na ji maganarsa ta ƙare da wuri.

"Na yi magana mai tsawo, ka yi gajera. Faɗa masa duka, har da ta ƙarshen."

Ya faɗa. Tsohon ya saurara idonsa a rufe. Sannan ya yi wa Madam Silbi alama, ta ɗauko babban littafin da wani ƙunshi na farin ƙyalle. Ya kwance ƙunshin. Wasiƙata ce, da karkatattun haruffana.

Ya ɗora yatsa a kan jan rubutun. Ya ce a ƙasarsu ba a rubuta sunan mai rai da ja. Ja na matattu ne, da shi ake sa su a littafin zuri'a. Ya ce ya buɗe takardar ya ga layi ɗaya da ya iya karantawa, cewa ɗalibinsa ya rasu, sai kuma suna ashirin da bakwai da ja. Bai ɗauka duk sun mutu ba. Ya ɗauka matar mamacin ce ke sanar da shi cewa gidan ya ƙare, a cire su. Duk da haka ya rubuta sau biyu yana tambaya, wasiƙun suka dawo masa.

Akwatin gidan waya na Metir ne, na aikinsa. An rufe shi wata guda bayan rasuwarsa. Ni na mayar da mabuɗin da hannuna.

Ya buɗe littafin. Ga sunayen nan ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, da ja, har da Habsu 'yar shekara tara da ke sayar da ƙosai a bakin titinmu. Ya ce ya yi kwana uku bai koyar ba.

Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashinta sai na ji sauƙi. Ashe kuskure ne na wadda ta shiga aji da furfura. Na ce to, ba a yi komai ba, a ba ni baƙin alƙalami yanzu in sake.

Ya ce haka za a yi. Ja ba ya gogewa, sabon shafi za a buɗe. Amma layin farko na shugaban reshe ne, kuma reshe ba ya shiga littafi ba kai. Wa mijina ya ba ɗamararsa?

Na fito da ita na ajiye a tebur. Na nuna Sani. Na ce ga ɗansa.

Tsohon ya shafa ɗamarar da tafin hannu, ya daɗe. Sannan ya kama hannun Sani ya juya shi, ya dubi bayan yatsun, ya sake shi. Bai tambaye shi komai ba. Sai ya nuna dattijon da ke bakin ƙofa.

"Wancan ɗana ne," ya ce. "Likitan haƙori ne. Ɗa ne nagari, shi ke yanke mini farce. In na mutu gidana nasa ne, da agogona. Littafin nan wurin Silbi zai koma."

Na ce a wurinmu ba a haka. Sarkin maƙera in ya mutu, cikin gidansa ake duba, ba a ɗauko bare.

Ya ce a ƙasarsu ma da yawa haka suke yi, kuma bai ce sun yi laifi ba. Amma malaminsa na da 'ya'ya maza uku, ya tsallake su ya ɗaura wa ɗan manomi, wato shi. Shekara arba'in ke nan 'ya'yan ba su amsa gaisuwarsa ba, kuma duk sabuwar shekara yana aika musu. Ya ce abin da ake gada a nan ba ya zama a akwati. Yana cikin jikin wanda ya tashi kullum ya yi.

Sai ya dube ni sosai. "Mijinki ya yi jinya, ba faɗuwa ya yi ba. Ba zai tafi bai faɗi suna ba. Wannan na koya masa tun kafin in koya masa naushi."

Nan ne wurin da nake tsallakewa.

Sani bai kalle ni ba, kofinsa yake kallo. Ni da na zo daga Damagaram don in kalli mutane cikin ido, na kasa.

A asibiti, ana saura kwana huɗu, Metir ya riƙe hannuna ya ce, "Rakiya, ɗamarar ta Lawali ce. Ki ɗaura masa da hannunki, gaban yara." Na ce to. Ba wanda ya ji sai ni, ko haka na zata. Aka yi sadakar uku, aka yi ta arba'in, ban yi ba. Na ce wa kaina sai na fita takaba. Na fita, ban yi ba. Ni na share filin nan shekara talatin. Ni na dafa ruwan zafi na gasa targaɗen 'ya'yan mutane, na ciyar da waɗanda suka zo da yunwa, shi kansa Lawalin ya ci tuwona ya fi a ƙirga. Sai a ce abin ya bar gidana ya koma gidan mai walda? Kuma akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba a wanke ɗamarar nan, al'adarsu ce. Rigunansa duk an raba, ita kaɗai ta rage da warin jikinsa.

Na faɗa musu duka. Wannan karon Sani bai rage ko kalma ba, na ji tsawon ya yi daidai.

Tsohon bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ninke ɗamarar ya miƙo mini da hannu biyu, ya haɗa da farar takarda da baƙin alƙalaminsa. Ya ce ranar da ta hau ƙugun mai rai, in rubuta sunayen in aiko, na Lawali a sama, shi kuma zai buɗe shafin. Na ce ya buɗe yanzu, na yi alkawari. Ya ce na riga na yi wa wanda ya fi shi alkawarin.

Aka kawo abinci. Shinkafa fara ba gishiri, da kifi, da wani kabeji da suka jiƙa da barkono har ya yi tsami, warinsa kamar daddawar da ta kwana a rana. Sun tabbatar mini ba alade. Suka ba ni tsinke biyu, na ce ni ba saƙa na zo yi ba, ɗan tsohon ya yi dariya ya kawo mini cokali. Na ci kaɗan. Kabejin ya fi warinsa daɗi.

Da za mu fita Madam Silbi ta biyo mu har bakin titi. Ta riƙe hannuna da nata mai kaushi, ta ce wa Sani ya gaya mini kada in daɗe. Tsohon ba shi da lafiya, ya san haka, kuma tana so ya rubuta shafin nan da hannunsa, ba ita ba.

A bis ɗin komawa, da muka kusa sauka, na juya wajen Sani.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kiran nan. Ya ce kada in matsa miki, za ki yi in kin shirya."

"Shekara uku kana kallona."

"Inna, wa ke iya matsa miki?"

Na yi niyyar yin wata guda, na yi kwana tara na ce a sauya mini tikiti. Mariyama ta cika mini jaka da man zafi da sabulu, ta ce in bar mata rigar sanyin don mai zuwa faɗa na gaba. Paris, Yamai, sannan bis, Dosso har gida. Na iso Damagaram ranar Asabar da magariba. Mata suka cika gidan. Lawali ya zo cikin masu sannu da zuwa, ya tsuguna a inda ya saba, ya tambayi hanya, ya tambayi Sani, ya tambayi sanyi. Bai tambayi littafi ba. Na ce masa gobe Lahadi, akwai wasan safe? Ya ce akwai, ko da yake saura su goma sha ɗaya.

Na yi asuba, na jira har na fara jin ƙafafunsu. Na kwance kallabin, na sa fuskata cikin ɗamarar sau ɗaya. Akwai ƙaramar ƙofa tsakanin gidana da filin, ban bi ta ba tun ranar da aka fita da Metir. Sakatar ta yi tsatsa, sai da na buga ta da dutse. Yaran suka tsaya cak. Na cire takalmi a bakin filin, na ratsa sahu har gaba, takarda da baƙin alƙalami a ƙugun zanena.

"Lawali," na ce, "kwance wannan ta jikinka. Ɗaga hannuwanka."

Ban taɓa ɗaura ta ba, amma na yi shekara talatin ina gani. Na zagaya da ita sau biyu, na ja ƙullin da ƙarfi.